Babi na Shida: Rufin Faiba, Wankinsa da Kariyarsa

Tunda faiba ba ta tsatsa, ba ta ruɓewa, gara ma ba ta cin ta, me zai sa mutum ya jingina tsani ya hau kan motarsa da bokiti da buroshi? Kusan duk wanda ya sayi motar gida mai rufin faiba ya taɓa yin wannan tambaya, kuma sau da yawa dillalin da ya sayar masa ne ya cusa masa ita, lokacin da ya ce masa ai wannan ba irin rufin roba ba ne, shi ba ya buƙatar komai. Bayan 'yan shekaru sai a kwana ana ruwa, gari ya waye, mai mota ya fito ya tarar da fararen layuka sun gangaro daga sama sun ɓata gilasai da jikin motar. Ya shafa da yatsa ya ga gari ne fari irin na alli. Ya wanke tas, a sake yin ruwa, layukan su dawo.

Wannan garin, rufin ne da kansa yake zubowa. Dillalin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin a cikin ire-iren rufin da ake yi wa motocin gida, na faiba yana sahun gaba wajen juriya. Sai dai juriyar tasa ta rataya ne a kan abubuwa biyu marasa kauri: fatar da ke samansa, da gam ɗin da ke toshe gaɓoɓinsa. Su biyun kuwa kullum rana tana cin su.

Abin da kake takawa

Faiba haɗin abu biyu ce: zaren gilashi wanda ya fi gashin kai siranta, da ƙaron roba da ake jiƙa zaren da shi har ya daskare. Zaren ne mai ƙarfin, ƙaron kuma shi ke riƙe shi a siffar da ake so. A shekarun 1930 ne injiniyoyin kamfanin Owens-Illinois na Amurka, ƙarƙashin Games Slayter, suka gano yadda za a riƙa samar da zaren da yawa cikin araha, a 1938 kuma aka kafa kamfanin Owens-Corning domin wannan sana'a. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu ƙera jiragen ruwa suka rungumi faiba hannu bibbiyu, a 1953 kuma Chevrolet ya fito da motar Corvette mai gangar jikin faiba. Wannan tarihi yana da amfani ga aljihunka. Yawancin man gogewa da sabulun da suka dace da rufin motar gida, don kwale-kwale aka fara yin su, saboda haka idan ka ga an rubuta a jikin kwalba cewa ta jirgin ruwan faiba ce, galibi za ta yi maka aiki.

Amma ka fara tabbatar da irin rufinka. A Amurka, inda masana'antun yankin Elkhart na jihar Indiyana ke ƙera mafi yawan waɗannan motoci, an fitar da sama da 600,000 a shekarar 2021 kaɗai, idan aka haɗa masu injin da waɗanda ake ja da wata mota. Da yawa daga cikinsu, musamman masu araha, rufinsu shimfiɗar roba ce, ko dai EPDM ko TPO. Na kamfanin Airstream alminiyom ne. Faiba an fi samun ta a kan manya masu injin, kuma Winnebago na garin Forest City a jihar Ayowa, wanda ya fara ƙera motar gida a 1966, yana cikin kamfanonin da aka sani da ita. Ganewa ba wuya. Ƙwanƙwasa da bayan yatsa: faiba tauri gare ta, tana ƙara, tana da santsi. Roba kuwa laushi gare ta, farce yana ɗan nutsewa. Dole a san wannan, domin maganin da faiba ke jurewa yana iya kumbura roba ya lalata ta. Duk abin da za a faɗa a babin nan na faiba ne.

Idan aka yanka rufin aka duba shi daga gefe, za a ga hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai silin ɗin ɗaki, sai ƙarafan alminiyom ko katako da ke ɗauke da nauyi, da soson da ke tare zafi a tsakaninsu, sai siririn filawud, sannan fallen faiba da aka manne a kai, wanda kaurinsa milimita ɗaya ne zuwa biyu. A saman fallen ne ake samun fatar da ake kira jelkot, wato ƙaron roba mai launi wanda babu zare a cikinsa. Kaurinta kusan rabin milimita ne, wani lokaci ma bai kai ba.

Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san wannan tsari. Azara ce ke ɗauke da rufin, ƙasa tana kanta, amma abin da ke hana ruwa shiga shi ne ɗan yaɓen makuba ko laso da ke sama, da kuma gyaran bakin indararo. Shi ya sa magidanta ke hawa soro kafin faɗuwar damina su bi tsaga-tsaga suna liƙewa. Ba wanda ke jira sai azara ta jiƙa, domin idan ta jiƙa an wuce maganar yaɓe, an shiga maganar rushewa da sabon gini. A motar gida jelkot ce yaɓen, filawud ɗin da ke ƙasa kuma shi ne azarar.

Yadda rana ke cin fata

A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fatar mutum ya kuma koɗe tufafi. Shi ne ke tsinka ƙwayoyin ƙaron da aka yi jelkot da shi. Idan ƙaron saman ya tsintsinke, farin launin da ke cakuɗe a ciki ya rasa abin riƙewa, sai ya zama gari. Ruwan sama ya kwashe shi ya gangaro da shi jikin mota, sabon hawa ya bayyana, rana ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Kafin fatar ta ƙare, sai ta fara yin ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Nan datti ke maƙalewa, shi ya sa tsohon rufi ke saurin yin dauɗa ya kuma ƙi wankuwa. Rufin da ya yi duhu da datti ya fi fari tas ɗaukar zafi, ɗaki ya ƙara zafi, na'urar sanyaya ɗaki ta ƙara wahala. Idan aka ci gaba da sakaci har jelkot ta cinye, zaren gilashin ne zai fito fili. Za ka gan shi yana ƙyalli a rana, idan kuma ka durƙusa a kai da gajeren wando, ƙaiƙayin da za ka kwana da shi zai tabbatar maka. Zaren da ya fito yana jan ruwa zuwa cikin fallen.

Wurin da mota ke zama shi ke nuna irin ciwonta. Dubban masu motocin gida da ke gudun sanyin arewacin Amurka da Kanada suna sauka hamadar Arizona, musamman garin Quartzsite a watan Janairu, kuma waɗanda suka bar motocinsu a can har bazara su ne suka fi fama da alli. Waɗanda ke zama Fulorida kuwa, inda iska ke da laima, baƙin hunhuna da gansakuka ne abokan faɗansu.

Zafi yana da wata ɓarnar ta daban. Alminiyom mai tsawon mita 10 yana ƙara kusan milimita 9 idan zafinsa ya hau da digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma irin wannan tazara tsakanin asuba da azahar ba abin mamaki ba ce a kan rufin da ke shan ranar hamada. Faiba da katako da robar murfin taga, kowanne da gwargwadon miƙewarsa. Wato kowace rana ta Allah gaɓoɓin rufin suna motsi, a buɗe a rufe, ban da girgizar hanya. Za mu dawo kan wannan.

Kafin ka hau

Manyan motocin gida tsayinsu ya kai mita uku da rabi zuwa huɗu, kuma jiƙaƙƙiyar faiba mai sabulu santsinta ba na wasa ba ne. Rufin ba shi da shinge. Ajiye motar a wuri mai daidai, nesa da wayoyin lantarki, ka duba littafin motar ko an yi rufin don a taka shi, da nauyin da yake ɗauka. Idan ba a yi shi don takawa ba, a tsani za a yi aikin da buroshi mai doguwar ƙota, ko a shimfiɗa falanki a kan tsumma don nauyi ya bazu.

Sa takalmin roba mai kama ƙasa, ba silifas ba. Ka da ka hau kai kaɗai a gida. A samu wani a ƙasa mai riƙe tsani da miƙo kaya. Kusa da gefe a kan gwiwa ake aiki. Ka da a taka murfin kafar iska ko tagar sama, domin robarsu ita ma ta sha rana, tana iya fashewa a ƙarƙashin ƙafa. Fara daga ƙarshen da ya fi nisa da tsani, kana matsowa wajensa, kana waiwaye kafin kowane taku. Da sassafe ko a inuwa ake yi, saboda a kan rufi mai zafi sabulu bushewa yake kafin a ɗauraye, ya bar nasa tabon.

Wankin kansa

Wankin ba shi da wani sirri. Share ganye da tsakuwa, ka buɗe magudanan gefe. Jiƙa jikin motar tun daga sama har ƙasa kafin ka taɓa rufin, kuma mai taimaka maka ya ci gaba da jiƙa shi, domin ruwan allin da zai gangaro idan ya bushe a kan fenti aiki ne na biyu. Zuba ruwa sosai a rufin ya kwashe ƙura. Sannan ka ɗauki sabulun wankin mota da buroshi mai laushi, ka wanke gwargwadon inda hannunka ya kai, ka ɗauraye, ka matsa gaba. Rufin mota mai tsawon mita 10 faɗinsa ya kai murabba'in mita 25, saboda haka ba a sabule shi gaba ɗaya a lokaci guda. Idan an gama sama, a wanke jikin motar.

Abin da ba a so ya fi abin da ake so yawa. Garin goge tukunya da soson ƙarfe suna kankare jelkot, soson ƙarfe kuma yana barin ɓurɓushin da zai yi tsatsa ya ɗiɗɗiga wa rufin jan tabo. Omo da sabulun wanke-wanke suna wanke datti, amma suna tafiya da kakin da aka shafa; suna da amfani ne kawai ranar da kake son cire tsohon kaki don ka shafa sabo. Injin feshin ruwa mai ƙarfi irin na gidan wankin mota faiba tana jure shi, gam ɗin gaɓoɓi ne ba ya jurewa. Idan bakin feshin ya samu gefen gam ɗin da ya fara saki, zai ɗaga shi ya tura ruwa ciki. Tiyo na gida ya wadatar.

Sau nawa? Masu motar da ke kwana a waje suna wanke rufi sau uku ko huɗu a shekara, mai rumfa kuma sau biyu ya ishe shi. Wanki mai sauƙi a kai a kai ya fi dirza mai tsanani jefi-jefi, domin kowace dirza tana tafiya da wani abu daga rabin milimitar nan.

Tabon da ya ƙi fita

Kashin tsuntsu yana da sinadari mai cin fata, a wanke shi da wuri. Idan ya bushe a ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma ya yi laushi tukuna. Ƙaron itace yana fita da ɗan sifirit a tsumma. Baƙin hunhuna kuwa sai bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a bar shi 'yan mintuna ba tare da ya bushe ba, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a kuma kiyaye rumfar yadi da ke gefen mota da shuke-shuken da ke ƙasa. Jan tabon tsatsa da ruwan ganyen da ya kwana a rufi suna fita da magungunan da ke ɗauke da asid ɗin okzalik, irin waɗanda ake wanke gindin kwale-kwale da su.

A nan akwai kashedin da ya shafi rai. Ka da a haɗa bilic da maganin tsatsa ko wani asid, ka da kuma a haɗa shi da maganin goge gilashi mai amoniya. Haɗin yana fitar da iska mai guba, kuma mutumin da numfashinsa ya sarƙe a tsayin mita huɗu yana cikin haɗari biyu. Yi amfani da ɗaya, ka ɗauraye tas, sannan ka ɗauko ɗayan. Safar hannu da tabarau wajibi ne.

Fetur da kananzir da tina kuwa a bar su a gareji. Ko da jelkot ta jure, suna narkar da gam, suna dusashe robar tagar sama.

Idan alli ya yi yawa

Bayan rufin ya bushe, shafa tafin hannunka ko baƙin tsumma. Idan ya fito fes, wuce zuwa kariya. Idan ya fito da fari, matacciyar fata tana nan, kuma duk abin da aka shafa a kanta da ita zai tafi. Sai an cire ta.

Ana cirewa da man gogewa mai ɗan kaushi, da hannu ko da injin goge mota a hankali. Gwada mafi laushi a wani ɗan lungu. Sai ya gaza ne za a ɗauko wanda ya fi shi kaushi. Idan abin ya yi nisa wasu suna bi da samfefa mai laushi ƙwarai, lamba 1000 zuwa 2000, a jiƙe. Ni dai ba na ba wanda bai saba ba shawarar wannan a kan rufi. Jelkot ɗin kwale-kwale tana da ɗan kauri, ta fallen rufi kuwa sau da yawa ba ta kai ta ba, kuma da zarar ka ga inuwar zare ko launi ya fara sauyawa, ka riga ka wuce gona da iri. Ba wanda zai hango rufinka sai direban tirela da mai tsayawa a kan gada. Ƙyalli ba shi ne abin nema ba. A samu fata mai tsabta wadda ba ta zubar da gari, shi ke nan.

Kaki, ko fenti?

A nan ne masu motocin gida suka fi gardama idan sun haɗu a sansani. Tsofaffin hannu suna riƙe da kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na arewa maso gabashin Birazil. Yana cike ramukan fata, yana sa ruwa ya zame, amma a rufin da ke fuskantar rana tsaye ba ya wuce 'yan watanni. Man kariya da ake haɗawa a masana'anta ya fi shi daɗewa, ya kuma fi sauƙin shafawa. Akwai na fesawa irin su 303, wanda aikinsa tare hasken da ke ƙona fata. Ba shi da wahala, sai dai yana son maimaici akai-akai. Na baya-bayan nan su ne masu sinadarin silika da ake kira seramik, masu tsada, waɗanda ba sa yafe wa wanda bai gyara fatar da kyau kafin shafawa ba. Kowanne ka zaɓa, gwajinsa ɗaya ne: watsa ruwa. Idan ya dunƙule ya yi ƙwallaye, kariya tana nan. Idan ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi. Ga yawancin mutane hakan na nufin sau biyu a shekara.

Akwai wata dabara da ta yaɗu a tsakanin masu motocin gida, ta shafa man goge daɓen ɗaki mai akirilik, hawa huɗu ko biyar. Ranar da aka gama motar tana ƙyalli kamar yau ta fito daga masana'anta, kuma kuɗin ba shi da yawa. Ganin kitse ne ake yi wa rogo. Don cikin ɗaki aka yi man, idan ya daɗe a rana yana iya yin rawaya ya fara ɓarewa, sannan a koma neman maganin da zai cire shi kaf kafin a iya shafa wani abu. Wanda ya ɗauki wannan hanya ya san ya ɗaura wa kansa hidimar kowace shekara.

Ka tuna kuma kaki yana ƙara santsi. Wasu suna barin siririyar hanya a tsakiyar rufi ba su shafa mata ba, don su samu wurin taka ƙafa. Kuma ka da kaki ya taɓa inda za a sa gam, domin gam ba ya kama wurin da ke da maiƙo. A gyara gaɓoɓi tukuna, kaki ya zo daga baya.

Idan zare ya riga ya fito, kaki ba shi da sauran amfani. Sai fenti: ko dai farin fentin rufi mai talewa, wanda ake shafawa da rola bayan fentin share fage, ko foliyuretan mai haɗi biyu irin na jiragen ruwa, wanda ya fi ƙarko amma tururinsa yana cutar da huhu, fesa shi kuma aikin ƙwararru ne masu kayan numfashi. Ko wanne ne, nasararsa tana ga shiri: a cire duk wani kaki, a ɗan kankare fatar, a wanke, a bari ta bushe ƙayau. Wanda zai kankare faiba ya sa takunkumi da riga mai dogon hannu.

Gaɓoɓi

Fallen faiba da wuya ya yi yoyo a tsakiyarsa, sai dai idan reshe ya huda shi ko ƙanƙara ta fasa shi. Ruwa ta gaɓa yake shiga. Tsaya a kan rufin ka ƙirga ramukan da masana'anta ta huda da hannunta: na'urar sanyaya ɗaki ɗaya ko biyu, kowace a kan rami mai faɗin inci 14 kowane gefe, kafofin iska na kicin da banɗaki, tagar sama, bututun tankunan ƙazanta, mafitar zafin firiji, eriya, ƙafafun tsani, maƙalan faifan sola da wayarsu, sannan dogayen layukan da rufi ya haɗu da goshin mota da ƙeyarta da gefunanta. Kowanne sukurori ne suka ratsa har cikin katako, kuma abin da ke tsakaninsu da ruwan sama gam ne kawai. Wannan gam ɗin ne ke shan miƙewa da tsukewar da muka lissafa ɗazu.

Wannan ne babban dalilin hawa rufi da bokiti. Datti yana ɓoye tsaga. Rufin da aka wanke ne ke nuna ta. Kamfanoni da yawa suna cewa a duba gam aƙalla sau biyu a shekara, wasu ma duk wata uku, kuma galibi garantinsu ba ya ɗaukar ɓarnar ruwan da ta biyo bayan sakaci da wannan dubawa. Kamfanonin inshora ma sukan biya ɓarnar guguwa ko faɗuwar bishiya, su ƙi biyan ruɓewar da yoyon shekaru ya jawo.

Durƙusa ka bi kowace gaɓa da ido da yatsa. Tsagar da ta tsaya a saman gam ba ta kai ƙasa ba, alamar tsufa ce. Wadda ta ratsa, ko gefen da farce ke iya ɗagawa, ko kan sukurun da ya leƙo yana tsatsa, wannan ƙofa ce a buɗe. Danna rufin da tafin hannu kewaye da kowace gaɓa. Inda ya lotsa ko ya yi taushi, ruwa ya riga ka zuwa.

Layin gefe yana son kulawa ta musamman. A wasu motocin ba a ɗaure gefen fallen da sukurori ba. Lanƙwaso shi aka yi aka cusa bakinsa cikin wani kwararon alminiyom da ya bi tsawon motar, aka bi shi da gam. Idan gam ɗin ya saki, iska ta samu kafa lokacin da ake gudu a babbar hanya, tana iya ɗaga fallen ta yage shi. Gwajin yana da sauƙi: a kan tsani, bi layin kana danna faibar da babban yatsa dab da gam ɗin. Duk inda ta matsa ciki ta rabu da shi, wurin yana son gyara kafin tafiya ta gaba.

Wajen gyara, kankare abin da ya saki da abin kankara na roba, ka bar wanda ke riƙe da kyau, ka goge wurin da sifirit ya bushe. A shimfiɗaɗɗen wuri ana sa gam mai bajewa da kansa ya rufe kan sukurori, irin na Dicor. A gefe da inda ke tsaye kuwa sai wanda ba ya zuba, irin foliyuretan na Sikaflex, in ba haka ba zai gangaro jikin mota. Ga doguwar gaɓa akwai tef mai ƙarfin kamu irin EternaBond, wanda ake dannewa da rola. Yana daɗewa ƙwarai, amma ɓare shi wahala ne, don haka ba a liƙa shi a kan abin da za a so kwancewa gobe.

Sai batun silikon, wanda shi ne ya fi kusa da hannu a kowane shago. Matsalarsa ita ce idan ya bushe kusan ba abin da ke kama shi, har sabon silikon ma da ƙyar. Wanda ya liƙe tsaga da silikon ɗin banɗaki ya sa gyaran gaba ya zama sai an kankare wurin kaf. Amma akwai masana'antun da tun asali wani nau'in silikon suka sa a rufinsu, kuma a irin wannan mota gam ɗin da ba nasa ba ne zai ƙi kamawa. Littafin motar ko kamfanin da ya ƙera ta su ne za su faɗa maka abin da ke kai, ka sayi irinsa.

Na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai ce ba a zagaye ta da gam. A kan wani kakkauran zoben soso take zaune, notuna huɗu daga cikin ɗaki suna matse ta. Idan tana yoyo, a duba notunan ko a sauya zoben. Wanda ya liƙe kewayenta ya toshe hanyar da ruwan da take tsatsowa ke bi ya fita.

Inda mota ke kwana

Rumfa ta fi kowane kaki, domin rufin da rana ba ta gani ba ya yin alli. In babu rumfa, akwai mayafin mota na yadi mai barin iska ta ratsa. Tamfol ɗin leda kuwa yana tara gumi a ƙarƙashinsa, iska kuma tana kaɗa shi yana gurzar kusurwoyi. Inuwar bishiya tana tare rana, amma da ƙaro da kashin tsuntsu da busasshen reshe take biyan kanta.

Mai karatu a Kano ko Damagaram da wuya ya ga motar gida a layinsu, amma faiba ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Da ita ake yin kwale-kwalen injin da ke jigila a Legas da yankin Neja Delta, da wasu tankunan ruwa, da goshi da ƙeyar manyan bas-bas na dogon zango. Ranar da ke cin rufi a Arizona ita ce ke cin su a nan, har da ƙarin ƙurar hunturu, wadda ke ɗauke da ɓurɓushin yashi mai kaifi. Goge ta a bushe da tsumma kankare fata ne. A fara zuba ruwa.

Duk abin da ya gabata na rufin da ruwa bai riga ya ratsa ba ne. Idan kuwa tafin hannunka ya samu wuri mai taushi, ko ka ga tabo ruwan ƙasa a silin, ko bangon motar ya kumbura ya yi tudu daga waje, ko kabad ɗin sama yana warin laima, to aikin ya tashi daga kan rufi ya koma cikin ɗaki. Babi na gaba zai bi sawun ruwan: yadda ake gano ainihin inda ya shiga, wanda sau da yawa yana nesa da inda ya ɗiga, yadda ake auna laimar katako da na'ura, da yadda ake sanin ɓarnar da mutum zai iya gyarawa da hannunsa da wadda sai an kai gareji.